Wane irin haƙori ya dace da manjagarar tara barsim a ƙasar laka?

Manomin Halfa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da ke wannan zaure, manoma da masu gyaran kayan noma, ina kuma neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni da ƙannena biyu sakat tun shigowar sanyin bana.

Gonarmu tana gefen Halfa Jadida a gabashin Sudan, baƙar laka ce irin wadda take tsagewa idan ta bushe har mutum ya iya zura hannunsa, kuma ruwanmu daga madatsar Khashm al-Girba yake zuwa. Mun ware faddan 12, kimanin hekta 5, mun shuka barsim hijazi, wato ciyawar dabbobi da ake kira alfalfa, muna yanka shi kusan kowane wata, mu busar, mu ɗaure, mu sayar wa masu shanun madara na Halfa da Kasala. Bara ne muka sayi tsohuwar manjagarar tarakta, irin wadda a kasuwar nan ake kira lammama shamsiyya, mai faifai huɗu, wadda muke ratayawa a bayan Massey Ferguson 290 ɗinmu. Kowane faifai yana ɗaukar haƙori 40, wato 160 ke nan gaba ɗaya. Da na ƙirga su shekaranjiya, sai na tarar 31 sun karye ko sun ɓace, waɗanda suka rage kuma da yawansu sun lanƙwashe, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama.

Abin da ya fara damun mu shi ne manjagarar tana wucewa tana barin ciyawa a baya. Ƙanena da ke tuƙi sai ya sassauta sifirin ɗin da ke riƙe nauyinta, ya sauke ta har haƙoran suna tonon ƙasa. Yanzu tana kwashe komai, amma ƙura ce take tashi a bayanta kamar garken tumaki ya wuce, kuma wani mai saye da muka daɗe muna hulɗa da shi ya aiko mini cewa ƙasa ce take taruwa a gindin kwamin shanunsa, idan ba mu gyara ba zai nemi wani wurin.

Shawara uku ce a gabana. Mai shagon kayan tarakta yana da haƙora iri biyu, mai kaurin milimita 7 irin na asalin manjagarar, da wani mai milimita 8 da yake cewa shi ne maganin ƙasarmu domin ba ya karyewa. Wani maƙeri kuma ya ce zai lanƙwasa mini su da rodin gini a kan sulusin kuɗin, ya kuma yi wa karyayyun walda. Autanmu shi kuwa cewa yake mu sayar da ita baki ɗaya mu nemi irin mai juyawa da ƙarfin tarakta. Wanne zan ɗauka, kuma shin in cike guraben 31 ɗin kawai ko in sauya duka? Bayan barsim, muna tara karan alkama da ita idan an yi girbi, wani lokaci kuma dawar dabbobi da ake kira abu sab'in. Allah ya saka da alheri.

Usta na Gadarif ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a gonar. Na daɗe ina gyaran kayan tarakta a unguwar makanikai ta Gadarif, irin manjagararka kuma ta sha shigowa hannuna, saboda haka zan fara da abin da ba ya bukatar dogon tunani: ka ba maƙerin nan haƙuri. Ba sana'arsa nake rainawa ba. Haƙorin manjagara da ƙarfen sifirin ake yin sa, wanda aka gasa aka hore shi yadda zai daki hoge ya lanƙwasa ya koma daidai sau dubbai a yini guda. Rodin gini kuwa idan ya lanƙwashe ya zauna ke nan, kafin azahar za ka ga faifan ya koma kamar tsohuwar tsintsiya. Walda ma haka take, domin zafinta yana kashe horon ƙarfen, haƙorin ya sake karyewa dab da inda aka ɗinke shi, guntun kuma ya tafi cikin ciyawa.

Sai maganar kauri, wadda a nan ne mai shago yake so ya ci kuɗinka. Mutum yana ganin tsakanin 7 da 8 milimita ɗaya ce tak, sai ya ɗauka bambancin bai taka kara ya karya ba. Taurin waya ba haka yake tafiya ba. Ana ninka kaurin ne a kansa har sau huɗu. Bakwai idan ka yi mata haka za ta ba ka 2401, takwas kuma 4096, wato mai milimita 8 ya fi naka tauri da kusan kashi 70 cikin 100. Ko mai 7.5 ma ya fi shi da kusan sulusi. To, ka yi tunanin abin da haƙori mai irin wannan tauri zai yi idan ya haɗu da busasshen hogen Halfa. Ba zai kauce masa ba. Ko dai ya farfasa shi ya watsa garin cikin jerin ciyawarka, wato ainihin abin da mai sayenka yake kuka da shi, ko kuma ya miƙa dukan gaba, zoben faifan ya sha, cibiya ta sha, boris ya sha, har hannun da ke riƙe faifan ya fara tsagewa a gindin walda. Haƙori shi ne abu mafi araha a jikin manjagarar, kuma da gangan aka yi shi ya zama shi ne mai fara sallamawa. Gara ka sayi haƙori goma da ka sayi cibiya ɗaya.

Akwai kuma abin da mai shagon bai gaya maka ba. Kowane haƙori an danne gindinsa ne a cibiya, sannan ya ratsa ta wata ƙaramar kafa a jikin zoben, kuma dole ya samu damar motsi a cikin kafar, domin sashen da ke tsakanin cibiya da zobe murɗawa yake yi yana sassauta duka. Idan ka cusa mai kauri ya cika kafar, ka kashe wannan motsin. Idan kuma ka faɗaɗa kafofin don ya shiga, ka raunana zoben, ranar da ka so komawa kan mai 7 sai ya riƙa kaɗawa yana cin ƙarfen. Wasu 'yan'uwa biyu na gidan Lely ne suka fito da wannan irin manjagara a Holand a 1948, ƙasar da ciyawarta take kan turɓaya mai taushi, kuma dabararta duka tana ga laushin haƙori da sauƙin faifai. Wanda ya taurara ta ya raba ta da abin da take taƙama da shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa take barin ciyawa. Faɗin faifai irin naka kusan mita 1.4 ne, kewayensa kuma kusan mita 4.4. Raba wannan gida 40, za ka ga tsakanin bakin haƙori da na kusa da shi santimita 11 ne. Idan ɗaya ya ɓace giɓin ya zama 22, idan biyu na jere suka tafi ya zama 33, kuma barsim ɗin kwana 30 gajere ne, siriri, zai bi ta wannan giɓi ya zauna abinsa. Ashe ciwon giɓi ne, ƙanenka kuma ya ba da maganin tsawo. Ban ga laifinsa ba, kusan kowane direba haka yake yi, domin juya sifirin ya fi kwance noti sauƙi.

Kada ka cike guraben 31 ɗin da sababbi a warwatse. Tsofaffin sun ci ƙasa sun gajarce, sabo zai ɗara su da santimita biyu ko uku, saboda haka faifan zai riƙa tsalle a kan dogayen, su kaɗai za su ɗauki nauyin, su ne kuma za su fara karyewa, ka ce an sayar maka da jabu. Shawarata ita ce ka sayi 80 masu milimita 7, ka cika faifai biyu da su tsaf, ka ɗora su a baya, domin faifan ƙarshe shi ne yake tura duk abin da na gabansa suka miƙo masa. Daga tsofaffi 129 da suka rage ka zaɓi 80 mafiya lafiya, ka jera su a ƙasa ka daidaita tsawonsu, ka cika biyun gaba. Sauran ka ajiye a buhu.

Idan ka gama, ka kai tarakta fili mai daidai, ka murɗa sandar sama ta ratayar har faya-fayan huɗu su sauka a ƙasa lokaci guda, sannan ka ɗaure sifirin har ya zama kana iya ɗaga faifai da hannu ɗaya ba tare da nishi ba. Bakin haƙori shafar kututturen barsim ya kamata ya riƙa yi, ba noma ba. Amma ina da tambaya gare ka, domin amsarta tana iya rushe rabin abin da na faɗa: a wane tsawo kuke yanka?

Direban Wadi Dawasir ya amsa:

Assalamu alaikum. Usta ya gama da maganar ƙarfe, ni kuma zan ɗora daga tambayar da ya rufe da ita. Na yi shekaru ina tuƙa injin yanka da manjagara a gonakin barsim masu ban-ruwan juyi, wato dogon bututu mai zagaya gona yana yayyafa ruwa, a Wadi Dawasir ta Saudiyya, har zuwa lokacin da hukuncin da Saudiyya ta yanke a 2015 na hana manyan gonaki noman ɗanyar ciyawa ya fara aiki a ƙarshen 2018, sannan na dawo gida na ci gaba da wannan aikin a yankin Atbara.

Manjagara mai faifai ba ta da wani ƙarfi daga tarakta. Abin da haƙoranta suka taɓa a ƙasa shi yake juya ta. Idan kun aske barsim har ƙasa, kamar yadda na ga yawancin mutanenmu suna yi don kada a bar ko kara, to ba ku bar mata abin kamawa ba sai lakar kanta, kuma ciyawar da aka yanka ta kwanta ne kai tsaye a kan ƙasa, babu yadda haƙori zai ɗauke ta bai haɗa da turɓaya ba, ko da daga Italiya aka kawo shi jiya. Ku ɗaga injin yanka ya bar kututture na santimita 7 zuwa 8. Ciyawar za ta hau kansa, iska ta ratsa ta ƙarƙashi ta bushe da wuri, haƙori kuma ya samu abin da zai shafa ya juya faifan. Za ku ga kamar kun yi asarar nauyi, amma ɓangaren da kuka bari shi ne mafi itace a jikin tsiron, kuma saiwar tana tofowa da ƙarfi idan ba a ji wa kanta ciwo ba.

Abu na biyu shi ne lokaci, kuma a ganina ya fi zaɓin haƙori tsada. Kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin gina jiki da ke cikin barsim yana cikin ganye ne, ganyen kuma yana riga kara bushewa nesa ba kusa ba. A manyan gonaki ana so a tara shi yana da danshin kusan kashi 40 cikin 100, a bar shi ya ƙarasa bushewa a jeri, sannan a ɗaure ƙananan dammuna idan ya sauko ƙasa da kashi 20. Ba sai kana da na'urar awo ba. Ka ɗauki kara ka murɗa. Idan ya lanƙwasa bai karye ba, farcenka kuma yana iya kankare fatarsa, ganyen yana laushi bai yi ƙaras-ƙaras ba, to lokacin tarawa ne. A Wadi Dawasir bayan sallar asuba muke shiga, ɗauri kuma da dare, domin da rana iskar ba ta da ko ɗigon laima. Wanda ya shiga busasshen barsim da ƙarfe biyu na rana, kowane haƙori ya ɗaura zai tara kara ne kawai, ganyen ya zama gari ya bi iska.

Game da ƙasar da mai sayenka yake gani, kamfanoni suna auna ta ta hanyar ƙona samfurin ciyawa su ga tokar da ta rage. Barsim mai tsabta yana barin kusan kashi 8 cikin 100 daga jikinsa, abin da ya haura haka ƙasa ce. Idan, a misali, awo ya nuna 14, ma'anarsa a kowane tan akwai kimanin kilo 60 na ƙasa da mutum ya biya kuɗinta da sunan abincin dabba.

Autanku bai yi ƙarya ba cewa mai juyawa ta fi tsabta. Ita sandar bayan tarakta mai juyi 540 a minti ce take juya ta, kowane hannu yana ɗauke da tagwayen haƙora uku ko huɗu masu kaurin milimita 9 zuwa 10, kuma da yake ba ta dogara da ƙasa ba, ana saita bakinsu santimita 2 zuwa 3 sama da ita. Amma fili take so shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Faddan 12 ɗinku kimanin hekta 5 ne, kashi ɗaya cikin goma na da'ira guda ta ban-ruwan juyi, kuma cike yake da jadawal da taganat, wato ƙananan hanyoyin ruwa da kunyoyin tare ruwa. Ranar da hannunta ɗaya ya daki kunyar ruwa ya lanƙwashe, ko giyarta ta samu matsala, ba a Halfa za ku samu kayanta da sauƙi ba, barsim kuwa ba ya jiran kaya su iso daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Ku riƙe taku. Ku riƙa bin hanyar da injin yanka ya bi, ku tafi tare da kunyoyin ruwa maimakon ku ratsa su, inda ratsawa ta zama dole direba ya ɗaga. A ƙasa irin taku ni ba na wuce kilomita 8 zuwa 10 a awa.

Mai Shanun Kasala ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni ba manomiya ba ce, mai saye ce, ina da 'yan shanun madara a gefen kogin Gash, kuma maganar haƙora 31 ɗin nan ce ta sa na kasa yin shiru. Malam, ka ce sun karye ko sun ɓace. Ina suka tafi? Waɗanda suka faɗi a gona da sauƙi, amma waɗanda injin ɗauri ya haɗiye suna cikin dami, damin kuma yana gidan wani. Saniya ba ta tantance abin da take ci kamar akuya. Harshe take sawa ta naɗe ta haɗiye. Guntun ƙarfe yana sauka ne a ƙaramin sashen tumbinta na gaba, wanda yake dab da zuciya, idan kuma mai tsini ne yana iya hudawa. Na rasa saniya mai ciki ta wannan hanya, da aka fede ta aka ciro guntuwar waya da ba ta kai tsawon yatsa ba, daga ciyawar wani da ba zan ambata ba. Tun daga nan likitan dabbobi ya haɗiyar wa sauran maganaɗisu, amma wannan kariya ce ta bayan fage. Ina roƙon ka, ka sa ƙanenka ya ƙirga haƙora kafin ya shiga gona da bayan ya fito, idan lissafi bai cika ba a bi jerin a ƙafa kafin a ɗaure.

Ga kuma yadda nake gwada ciyawa kafin in biya, kai ma ka yi wa kanka. Ina zaro cikin hannu biyu daga tsakiyar dami, ba daga gefe ba, in zuba a bokitin ruwa, in cuɗa, in tsame, in bari ya kwanta. Abin da na gani a gindin bokiti shi yake yanke farashi. Damin da ya fito kore da ganyensa, babu laka, ina ƙara masa kuɗi da daɗin rai, domin washegari nake ganin bambancin a ƙwaryar tatsa.

Manomin Halfa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Usta, gaskiyar magana har ƙasa muke yankewa, bai fi yatsa biyu muke bari ba. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin ban taɓa tambayar kaina inda guntayen suke tafiya ba. Saura tambaya biyu. Da na duba faya-fayan da kyau, sai na ga bakin haƙoran faifai na biyu yana kallon wani gefe daban da na sauran ukun. Ko hakan yana da wata illa? Sannan wani ya ba ni labarin haƙora masu gindin roba, ya ce sun fi daɗewa a ƙasa mai wuya.

Dattijon Hawasha ya amsa:

Salamu alaikum. Ɗana, kafin Usta ya dawo, bari in ɗan saɓa masa a wuri ɗaya, da yake ni ma a wannan laka na tsufa. Duk abin da ya faɗa a kan barsim na yarda da shi. Sai dai ka ambaci karan alkama da abu sab'in, shi kuma ya wuce su. Abu sab'in kara ne mai kauri da nauyi, ya ninka barsim tsawo, idan kuma bai gama bushewa ba siririn haƙori lanƙwasawa yake yi a ƙarƙashinsa ya haye ta sama ya bar shi kwance. Karan alkama bayan injin girbi ya wuce a watan Maris shi ma tari ne mai yawa, kututturensa yana da tauri, babu kuma wani ganye da ake tsoron zubarwa. A waɗannan biyun haƙori mai ɗan kauri yana da amfaninsa, ban ce mai 8 ba, amma mai 7.5 idan ya shiga kafar zoben yana motsi. Abin da na yi shi ne na nemi tsofaffin faya-fayai na biyu na ɗaura musu masu kauri, idan lokacin alkama ya zo sai in sauya faifai sukutum, aikin da bai wuce tsakanin la'asar da magariba ba, maimakon in zauna kwance haƙori 160. Ba dole ne ka yi haka bana ba.

Abin da ya zama dole bana shi ne muskit. Duk wanda ya yi noma a Halfa ya san yadda wannan itace ya cinye gonaki da bakin kanal, ko an sare shi kuma kututturensa yana nan a ɓoye dab da fuskar ƙasa. Ina kyautata zaton da yawa daga haƙoranka ba hoge ne ya karya su ba. Ka lura da wurin da suke yawan karyewa, ka kafa sanda, bayan an kwashe ciyawa ka zo da diga.

Usta na Gadarif ya sake amsawa:

Baba ya yi gaskiya, na karɓi gyara. Hankalina ya tafi kan barsim ne saboda shi ne abin da ake kuka da shi.

Malam, wannan faifai na biyu da ka gani shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Bakin haƙori an karkata shi ne baya, saɓanin inda faifan yake juyawa, domin idan ya turo ciyawa ya fara hawa sama ta zame ta sauka da kanta. Idan aka ɗaura shi a juye sai ya zama ƙugiya, ya ɗaga ciyawar sama, wata ta naɗe a cibiya, wata ta faɗo bayan manjagara inda babu mai komawa kanta. Mai ita na farko ne ya kwance ya mayar ba daidai ba, ko kuma ya sayo faifan ɗaya gefen na manjagara mai fiffike biyu, domin waɗancan suna da na dama da na hagu. Ka ɗauki hoton faifai mai kyau da wayarka kafin ka kwance komai, ka kuma tafi shago da tsohon haƙori ɗaya a hannu ka ɗora shi a kan sabon, kada ka yarda da “ai duk ɗaya ne”. Tunda ciyawa ta daɗe tana naɗewa a wannan cibiya, ka girgiza faifan ka ji ko boris ɗinsa ya tafi.

Masu gindin roba gaskiya ne suna lanƙwasawa ta kowane gefe kuma suna jure duka, amma an fi yin su ne don manjagara mai sanduna irin New Holland 256, da wasu manyan masu faifai da aka ƙera zobensu don haka. Ba za su hau cibiyarka ba. Roba kuma ba ta shiri da ranar Sudan idan kayan a fili suke kwana suna yini.

Manomin Halfa ya dawo da bayani:

Assalamu alaikum. Na ga ya kamata in dawo in faɗi yadda aka ƙare, tunda mun yi yanka ɗaya bayan shawarwarinku. Na sayi 80 masu milimita 7 na cika faifai biyu na baya, na juya haƙoran na biyu, boris ɗinsa kuma kamar yadda Usta ya zata ya riga ya mutu, na sauya. Mun ɗaga injin yanka zuwa santimita 8, duk da cewa ƙanena ya yini yana gunaguni a kan abin da aka bari a ƙasa. Mun tara a safiya ta biyu bayan sallar asuba, kara yana lanƙwasa. Ƙurar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, musamman a bakin taganat, amma na yi gwajin bokitin Hajiya da sabon dami da kuma ragowar na watan jiya, na watan jiya ya rufe gindin bokitin, na yanzu ɗan kaɗan ne ya kwanta. Dammunan sun ragu da kaɗan a ƙirga, mai sayen kuma ya karɓa bai ce komai ba.

Haƙori biyu sun karye, dukansu a kusurwar gabas, kuma mun tsinci guntayen kafin ɗauri. Da muka tona wurin, Baba, kututturen muskit ne mai kaurin cinya. Abin da ya rage mini yanzu shi ne iskar arewa, wadda take tasowa da hantsi tana kwashe ciyawa daga saman faya-fayan, don haka yankan gaba zan gwada mu gama kafin ƙarfe takwas. Idan kuma wani a Halfa ko Gadarif yana da tsofaffin faya-fayai huɗu masu faɗin mita 1.4 da zobensu yake da lafiya, ina nema kafin girbin alkama.